Kaskon Inna da Numfashin Ɗan Fari

Hancina ya daina gane gidaje. Na lura da haka tun da ƙafa ta yi nauyi, aka koma ɗaukata a bayan babur in za ni gaisuwa ko barka. Gidan jikata a Gazawa, gidan ɗiyar ƙanwata a Gidan Rumji, kai har motar haya in mun shiga, duk ƙamshi guda suke yi, mai zaƙi-zaƙi, mai tsayawa a maƙogwaro. A ɗakin jikar tawa akwai wani ɗan abu maƙale a bango, jim kaɗan sai ka ji ya ce fis, ya watso turare ba wanda ya sa shi. Sabunin wanki da nasa ƙamshin, ruwan goge daɓe da nasa, man shafawar yara da nasa, ga kuma wanda ake fesa wa labule da an ji sallama. Taga a rufe, wai kada ƙamshin ya gudu. Ƙaramar ɗiyarta na zaune a tsakiyar wannan duka tana tari, idanunta na ruwa. Jikar tawa ta ce mini lokotoro, wato likita, ya ce su rage, su riƙa buɗe ɗaki iska ta ratsa. Na ce to me ya hana? Ta sunkuyar da kai ta ce, Kaka, in baƙi suka shigo fa?

Tambayar ta ɗauke ni ta kai ni nesa, don na taɓa jin ta daga wani bakin, a wasu shekarun da ba na so a sake gani.

A ƙuruciyarmu, a ƙauyenmu na bakin Gulbi, ko ido aka ɗaure maka aka zagaya gari da kai, za ka faɗi gidan da kake tsaye. Gidan da ake daudawar batso ba ya ɓoyuwa. Gidan Fulanin da suka zauna cikinmu, tun daga danga nono da man shanu ke tarbonka. Inda aka haihu, kunun kanwa da dafaffen ganyen wanka. In an buɗe rumbu da safe, ƙamshin gero yakan fito a hankali, kamar wanda aka tasa daga barci, kafin tabare su ɗauka daga wannan gida zuwa wancan, ƴan mata na lugude suna tafi tsakanin bugu da bugu. Turare kuwa aiki ne a lokacin, ba saye ba. Da ruwan Gulbi ya ja baya sai kakata ta tasa mu gaba zuwa fadama tonon kajiji, wasu ƴan ƙwayoyi baƙaƙe da ke kwance ƙarƙashin ciyawa. Mu wanke, mu shanya bisa rumfa, ta daka da kanta, ta haɗa da ɗan ƙaron hano, ta rufe a ƴar tukunya. Ba kullum ake taɓa shi ba. Juma'a ce, ko salla, ko an kawo amarya, shi ma ɗan abin da yatsu suka tsinto, a ɗakin da iska ke shiga ta ko'ina. Takan ce mana shara da wanka da rana su ne turaren farko, wanda bai yi su ba kada ya wahalar da garwashi. In ɗaki ya yi wari, sai ta sa a fitar da komai a nemo abin da ya jawo, ba ta yarda a binne wari da hayaƙi.

Aka kai ni gidan miji a wani ƙauye wajen Gidan Sori. Ban daɗe ba sama ta ɗauke, aka shiga fari. Masu ba da labarin farin nan sukan faɗi abin da ido ya gani, ni kuwa abin da hanci ya ji na fi riƙewa. Ƙamshin gari ya yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Na gero ya fara, sannan na daudawa, sannan na nono. Tabare suka yi shiru, har in ka ji daka a wani gida sai ka tsaya kana tunanin me suka samu. Daga nan warin mushe ya zo ya zauna. Makiyaya sun gangaro daga arewa da abin da ya rage musu, shanun na faɗuwa a bakin hanya, ba mai iya ja balle binnewa. Fadama ta tsage, ko ka tona har gwiwar hannu babu kajiji. Maza suka watse neman abin kai wa baka. Mijina ya ƙetara kudu ya bar ni da ciki, iyayena ma suka tashi da ƙannena, shi ya sa ban je gida haihuwar fari ba kamar yadda aka saba. Gidan ya rage daga ni sai uwar mijina, wadda nake kira Inna.

Abin da ya riƙe ranmu shi ne anza. Yaran yanzu ba su san ta ba, kuma ba na yi musu fatan sani. Ƴaƴan wani ɗan itacen daji ne masu ɗacin da ba a iya kai su baka sai an jiƙa, ana zubar da ruwa ana sake wani, kwana da kwanaki. Ruwan jiƙon nan yana da wani wari mai tsami wanda duk wanda ya taɓa jin sa ba ya mantawa. Gidan da warin ya fito, an san rumbunsu ya kai ƙasa.

Inna doguwar mace ce mai tsabta, wadda a shekarun wadata daga gidanta ake fita da akushi zuwa gidajen marasa hali. Ba ta taɓa zama wadda ake kai mawa ba. Ko ranar da babu abin dafawa sai ta hura wuta ta ɗora tukunyar ruwa, don maƙwabta su ga hayaƙi ya tashi. Ban taɓa ganin laifinta a kan haka ba. Mutuncin gidan shi kaɗai ya rage mata, ta riƙe shi da hannu biyu.

A wannan lokacin ne wani ɗan koli ya fara zuwa daga wajen iyaka da turare a ƙananan gwangwanaye. Ba saiwa ba ce, ba ƙaro ba ne. Garin katako ne aka kwaɓa da turaren kwalba da wani abu mai danƙo, baƙi ƙirin. Kaɗan za ka jefa a wuta ya turnuƙe ɗaki, ya kama tufa ya ƙi saki, ya danne kowane irin wari, har na mushe, har na anza. Mata suka sa masa suna rufa-asiri. Inna ta cire munduwar hannunta ta ba shi, ta karɓi gwangwanayenta. Tun daga ranar kasko bai sake hucewa a ɗakinmu ba.

Cikin wannan hayaƙin na haihu, namiji. Matan da suka zo barka suna ta cewa wannan ɗan fari ne riɓi biyu, na fari a wurin uwarsa, kuma ɗan farin da ya cinye gero. Aka yi dariya, irin dariyar mutanen da cikinsu ba komai.

Sai na bayyana wani abu saboda ƴan baya. A zamaninmu uwa ba ta nuna ta san ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta kallon fuskarsa gaban mutane. In ya yi kuka sai a ce da ita ga yaron nan, ta karɓa tana kallon wani wajen, ta ba shi nono ta mayar. In ba shi da lafiya ba ita ce mai faɗi ba, don faɗin na nuna ta damu, damuwar kuwa rashin kunya ce. Kaka ce mai shi. Inna kuwa ta so shi kamar ranta. Ita ke yi masa wanka, ita ke juya shi a cinya tana tsokanarsa.

“Angona,” takan ce, “kai wane irin miji ne, ka zo mini hannu sake, ko damin gero babu? To ni dai ban fita, nan za mu zauna ni da kai.”

Tun cikin jego na fara jin wani ɗan sauti a ƙirjinsa, siriri, kamar yaro na busa sillen kara daga nesa. In ya ja numfashi sai fatar tsakanin haƙarƙarinsa ta lotsa. Inna ma ta ji. Ta ce iskar mushe ce ta shige shi, don a ganinta, da ganin kowa a lokacin, wari shi ke kawo cuta, ƙamshi kuma shi ke korar ta. Sai ta ƙara rufa-asiri a kasko, ta saki asabarin ƙofa, ta toshe ƴar kafar da haske ke shigowa da tsumma. Busar ta ƙaru, ita ma ta ƙara. Duk don shi take yi.

Da na gama wanka na fara fita daji tsinkar anza da shi a baya, nan na gane. Goyo ba ya ɓoye wa uwa komai, ƙirjinsa na manne da bayanki. In mun bar gari, ko da mun ratsa ta inda mushe yake, sai in ji busar tana raguwa, tana raguwa, kafin rana ta take ya yi barci shiru, numfashinsa na sauka har ciki. In mun dawo muka shiga ɗaki, kafin in kwance zane ta dawo. Ban yarda da kaina ba da farko. Na yi ta saurare, fita bayan fita, ba ta taɓa saɓawa ba.

To amma da wane baki zan faɗa? In na ce na lura, na tona cewa ina sauraren ɗan fari. In na ce turaren ne, na ce wa uwar mijina ita ke cutar da jikanta, kuma na ce a bar gari ya ji warin anzarmu. Sai na bi ta gefe. Nakan ɗan naɗe asabari in ta fita, ta dawo ta sake shi. Nakan zuba ɗan rairayi bisa garwashi, ta ce itacen bana ba ya riƙe wuta, ta sake hurawa. Na ce kaina ke ciwo, ta ce jego ne. Wata rana na yi ƙarfin hali na ce, Inna, ko a ɗan bar ƙofar nan a buɗe? Ta dube ni ba da faɗa ba, ta ce iskar mushe nake so ta buge shi? Sannan ta rage murya ta ce, in baƙi sunka shigo fa?

Ana haka sai saƙo ya zo ta bakin ƴan kasuwa cewa Gwaggona, ƙanwar mahaifina da ke aure a Gidan Rumji, tana tafe ganin jariri. Na ga yadda fuskar Inna ta canza. Ta san in Gwaggo ta ga halin da muke ciki tana iya cewa in tattara in bi ta, a kuma ji a dangi cewa gidan nan sun kasa riƙe maijego. Da ta rasa suna, ta rasa jika, ta zauna ita kaɗai a kango. Ranar zuwan, tun da safe ta kai tukunyar anza bayan rumbu ta rufe da tsohuwar tabarma. Ta share gida har bakin danga. Ta juye sauran gwangwani ɗungum a kasko, ta kwantar da yaron a ɗaki cikin mafi kyawun zanenta, ta saki asabari, don a fito da shi yana ƙamshi kamar ɗan masu hali.

Gwaggo ta iso da hantsi bisa amalanke. Aka shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin, suka zauna su biyu, ni kuma can gefe, kai a sunkuye. Suka shiga gaisuwa irin ta manya, wadda ba a gaggauta ta. Ina gajiya, ina rana, ina jama'a, yaya aka ji da wannan shekara. Kowace na cewa lafiya lau, da godiya, ana taɓa abin da ya rage. Ni ba gaisuwar nake ji ba. Kunnena na bayan asabari. Busar na fitowa da sauri-sauri, ta ƙara sirancewa, ta koma kamar zare. Sannan na daina jin ta.

Na jira ta dawo. Gwaggo na tambayar labarin mijina, Inna na cewa ana sa ran saƙonsa. Ba ta dawo ba.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ƙetara tabarmar manya ta tsakaninsu, abin da ko ƙaramar yarinya ba ta yi, na yaye asabari. Hayaƙi ya buge ni har ban ga gado ba, da lalube na same shi. Jikinsa ya saki, leɓɓansa sun koma kalar toka. Nan na kira sunansa. Da ƙarfi na kira, har na waje suka ji. Na fito da shi na nufi inuwar aduwar da ke kusurwar gida, na warware zanen da ya sha turare na jefar, na ɗora shi tsirara a kafaɗa ina shafa bayansa, ina hura masa fuska.

Inna ta biyo ni tana cewa in kawo shi a mayar ciki kafin iska ta buge shi. Ta miƙo hannu. Tun da na zo gidan ban taɓa hana ta abin da ta miƙa wa hannu ba. Muryata ba ta tashi ba, don ba ta iya tashi, amma na ce:

“Inna, ki gafarce ni. Ba iska ba ce, hayaƙin nan ne. In na goya shi zuwa daji lafiya lau shike numfashi, in mun komo ɗaki shi kama. Na daɗe ina saurare. Ɗana ne, ban maida shi ciki.”

Gwaggo ce ta fara magana, kuma ni ta yi wa faɗa. Ta ce a wane gida na koyo wannan, ba dai nasu ba. Ta ce gaban uwar mijina nake kiran sunan ɗan fari, har ina cewa ɗana, ina so a ce ba su ba ni tarbiyya ba? Ta juya tana ba Inna haƙuri. Hannun Inna na nan a miƙe, idonta na kan bayan yaron.

Mun tsaya haka ban san iya tsawonsa ba. Sai na ji ƙirjinsa ya motsa a kafaɗata. Ya yi wani ɗan tari, ya sake, sannan ya ja iska da wata ƙara kamar ana yage tsumma, ya fashe da kuka. Ban taɓa jin abin da ya kai kukan nan daɗi ba. Toka-tokan leɓɓansa ya fara washewa muna kallo.

Inna ta sauke hannunta. Ta juya ta shiga ɗakin, ta fito da kaskon yana ta hayaƙi, ta wuce mu ba ta dubi kowa ba, ta kife shi a juji ta tura masa ƙasa da ƙafa. Ta dawo ta naɗe asabari har sama ta ɗaure, ta zare tsumman da ta toshe kafa da shi. Sannan ta koma kan tabarma ta zauna, bayanta a miƙe, tana jiran abin da ta san zai zo.

Bai daɗe ba ya zo. Da hayaƙin ya baje, iska ta juyo daga bayan rumbu ta kawo tsamin nan har inda muke. Ba mai iya cewa bai ji ba. Gwaggo ta ɗan ɗaga hanci.

“Anzarku ta kai,” in ji Gwaggo. “Ku tsame ta yau, in ta ƙara kwana lalacewa za ta yi. Tawa haka ta yi mini wancan mako.”

Ta tashi ta ɗaure zanenta, ta nufi bayan rumbu kamar gidanta. Tare suka tsame ta, su biyu, ba mai kallon fuskar wata. Da Gwaggo za ta tafi ta ja ni gefe ta tambaye ni ko zan bi ta. Na ce Inna ba ta da mai jawo mata ruwa.

Labari bai kwana ba. A bakin rijiya aka riƙa nuna ni da baki, wai ga wadda ta kira sunan ɗan fari. Wasu suka ce yunwa ce ta taɓa mini kai. Warin anzarmu ya fita gari kamar na kowa, daga baya na lura gidaje da yawa sun bar wahalar ɓoye nasu. Busar ƙirjin ba ta ɓace rana ɗaya ba, raguwa ta yi ta yi. Har yau da furfura a gemunsa, in ya je gidan da aka yi feshi, a waje yake zama. Ni kuma ban sake kiran sunan nan ba, sau ɗayan nan ne.

Nakan dubi matan yanzu in yi mamaki. Suna rungumar ɗan fari gaban kowa, su kira sunansa tun daga bakin titi, su kai shi asibiti da kansu ba mai cewa sun yi rashin kunya. Wannan alheri ne, ban ƙi shi ba. Rumbunsu bai kai ƙasa ba, babu mushe a hanya, babu anza a bayan ɗaki. Ban san me suke rufewa ba. Amma tsoron hancin baƙo na nan yadda na bar shi, sai dai ya sake gwangwani. Ba na cewa a bar ƙamshi, ni ma da Gulbi ya dawo na koma tonon kajiji. Ina dai cewa baƙo zai sha ruwa ya tafi, wanda ke kwana cikin iskar ɗakin shi ne ba shi da bakin faɗa.

Inna ta daɗe ba ta yi mini magana ba sai ta dole. Ba gaba take yi ba, na sani, nauyi ne ya hana ta, ni ma nauyin ya hana ni. Ta ci gaba da yi masa wanka, amma a tsakar gida, ta kuma bar tsokanarsa. Wata safiya maƙwabta biyu suka shigo ɗibar wuta, suka tarar ta gama wankan tana tsane shi. Ta kwantar da shi a cinya, ta sunkuya ta ɗora kunnenta bisa ƙirjinsa. Ta daɗe a haka. Da ta ɗago sai ta dube ni, karo na farko tun ranar nan, ta miƙo shi gaban matan.

“Ungo ɗanki,” ta ce. “Saurara mini. Ni kunnena ya tsufa.”

Matan suka tsaya da garwashinsu a hannu. Na karɓe shi, na dubi fuskarsa sosai, a fili, ban kau da kai ba. Na sa kunne. Iska na shiga, iska na fita.

“Mi kika ji?”

Na ce, “Ba komi, Inna.”

Ta rufe ido ta jingina da bango. Ta ce, “To. Shi nike so a ji.”